LNB: Ƙaramar na'urar da ke kamo tashoshin tauraron ɗan'adam, da dalilin rage mata cin wuta

Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ya shiga ƙauyukan mazaɓar Balan ko ya ƙetara zuwa yankin Ajingi, zai ga farantan dish a kan katangu da rufin kwano, wasu a gidajen jama'a, wasu a gidajen kallon ƙwallo da shagunan cajin waya. Ido ya fi sauka a kan farantin saboda girmansa. Aikin kamo tasha kuwa yana faruwa ne a cikin 'yar na'urar nan da aka ɗaure a ƙarshen hannun ƙarfe tana fuskantar farantin, wadda masu haɗa dish suke kira LNB. A cikinta akwai ƙwayar lantarki da ba ta kai girman ƙwayar wake ba, kuma ingancinta da yawan wutar da take ci suna da hannu a kan ko gida zai ga hoto ko ba zai gani ba, musamman inda batir da sola suka maye gurbin wutar gwamnati.

Tafiyar sigina daga sama

Taurarin da ke watsa talabijin suna zaune ne a nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisa tauraro yana kewaya duniya daidai da saurin juyawarta, don haka mai kallo daga ƙasa yake ganin kamar a tsaye yake wuri guda. Marubucin nan na Ingila, Arthur C. Clarke, shi ne ya yayata wannan tunani a wata maƙala a 1945, kuma a 1964 tauraron Syncom 3 ya isar da hotunan gasar Olamfik ta Tokyo zuwa Amurka ta wannan hanya. Tsayuwar tauraro wuri guda ita ce ta sa ake ɗaure dish sau ɗaya a bar shi shekaru.

Nisan yana da farashi. Siginar da ta baro tauraro tana bazuwa a kan ƙasashe da dama, kuma abin da faranti mai faɗin santimita 90 yake tarawa bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin tiriliyan na wat ɗaya ba. Farantin ba ya ƙara wa sigina ƙarfi. Yana tattara ta ne ya mayar da ita wuri ɗaya, kamar yadda madubi yake tara hasken rana, kuma a daidai wannan wuri ake ɗaure LNB.

Gaya tana kusa da digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya da kuma digiri 9 gabas, saboda haka yawancin taurarin da ake kallo suna can sama sosai. Tauraron da ke digiri 5 gabas, wanda StarTimes ke amfani da shi, yana ɗage da kimanin digiri 75 daga ƙasa. Na digiri 36 gabas da DStv ke kai yana kimanin 56, Nilesat da ke digiri 7 yamma yana kimanin 67, sannan NigComSat-1R na Najeriya da ke digiri 42.5 gabas yana kimanin 49. Wannan ɗagawa alheri ce, domin bishiyoyi da gine-gine ba su cika tare hanyar sigina ba.

Ayyuka uku na LNB

Aiki na farko shi ne ƙarfafa sigina. LNB tana ninka ƙarfinta har kusan sau miliyan ɗaya. Wahalar ita ce kowace na'urar lantarki tana haifar da tata hayaniyar saboda motsin zafi a cikinta, kuma siginar tauraro ba ta fi wannan hayaniya ƙarfi da yawa ba. A 1944 wani injiniya a ɗakin binciken Bell na Amurka, Harald Friis, ya nuna da lissafi cewa hayaniyar matakin farko na ƙarfafawa ita ce ta fi kowace illa, domin duk matakan da ke biye suna ninka ta tare da siginar. Ruwan da ya gurɓata tun daga bakin rijiya, ko a wane tulu aka zuba shi gurɓatacce ne. Shi ya sa masu ƙera LNB suke sa mafi ingancin taransista a gaba.

Aiki na biyu shi ne sauke zangon sigina. Tashoshin zangon Ku suna saukowa tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wato igiyar tana kaɗawa fiye da sau biliyan goma a daƙiƙa. Wayar kebur ta gida ba ta iya ɗaukar irin wannan zuwa ɗaki ba tare da ta cinye ta a hanya ba. Sai LNB ta samar da tata igiyar a ciki, ta gauraya ta da wadda ta sauko, ta fitar da bambancin da ke tsakaninsu. Idan tasha tana kan megahaz 11,000, aka cire 9,750, abin da zai shiga waya shi ne 1,250. Idan tana kan 12,000 sai a cire 10,600 a samu 1,400. Da haka duk tashoshi suke faɗawa tsakanin megahaz 950 da 2,150, zangon da dikoda take fahimta. Lambobin 9750 da 10600 da ake gani a shafin saitin dikoda ke nan. A zangon C, wanda ke tsakanin gigahaz 3.4 da 4.2 kuma yake buƙatar babban faranti, lambar ita ce 5150.

Aiki na uku shi ne bin umarnin dikoda. LNB ba ta da wayar wuta ta daban. Wayar da ke sauko da hoto ita ce take hawa da wuta. Idan dikoda ta aika bolt 13, LNB za ta saurari igiyoyin da ke tsaye, idan ta aika bolt 18 sai ta koma kan na kwance. Ƙarin wata siririyar ƙara mai kilohaz 22 shi ne ke gaya mata ta koma rabin zangon na sama. Gidan da ya haɗa LNB biyu ko huɗu a dikoda ɗaya yana amfani da makunnin DiSEqC, tsarin da kamfanin Eutelsat ya fito da shi. Wannan ya bayyana wata matsala da ake yawan kai wa masu gyara: idan rabin tashoshi suka ɓace rabi suka tsaya, sau da yawa wuta ce ba ta kai bolt 18 ba saboda doguwar waya, tsatsa a mahaɗa ko raunin dikoda.

Mene ne MMIC?

MMIC taƙaitaccen suna ne na ƙwayar lantarki wadda aka gina dukkan sassanta a kan ɓalli guda na ma'adini, kuma aka tsara ta don igiyoyi masu tsananin sauri. A da, kowane sashe daban ake sayo shi a liƙa da dalma a kan allo. A zangon Ku tsawon igiya ɗaya kimanin santimita biyu da rabi ne, saboda haka ko 'yar wayar da ta haɗa sassa biyu tana iya sauya halin na'urar, har sai ma'aikaci ya daidaita kowace ɗaya da hannu. Idan aka gina komai a ɓalli ɗaya, tazarar da ke tsakanin sassan ba ta kai kaurin gashi ba, kuma ana buga dubbai iri ɗaya a lokaci guda.

Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ne ya nuna haɗaɗɗiyar ƙwayar lantarki ta farko a 1958, Robert Noyce ya biyo da irin ta silikon a 1959. Silikon na wancan zamani ba shi da saurin da igiyar tauraro take buƙata. Mafita ta zo daga wani haɗin ma'adinai biyu, galiyom da asanik, wanda ƙwayoyin lantarki suke gudu a cikinsa kusan ninki shida na gudunsu a silikon. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyi biyu na kamfanin Plessey a Ingila, Ray Pengelly da James Turner, suka gina ƙwayar ƙarfafa sigina ta farko a kan wannan ma'adini. A 1979 Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan ya ƙirƙiro taransistan HEMT, wanda ƙarancin hayaniyarsa ya zarce na duk waɗanda suka gabace shi. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara sa shi a na'urorin kamo talabijin, kuma yana cikin dalilan da suka sa faranti ya ƙanƙance har ya zama abin da mutum ɗaya zai ɗauka a babur. A daidai lokacin ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba kuɗi a wani shiri mai suna MIMIC daga 1987 zuwa tsakiyar shekarun 1990, wanda ya sauƙaƙa ƙera irin waɗannan ƙwayoyi da yawa.

Sauyi na baya-bayan nan shi ne dawowar silikon. Da aka gauraya shi da jamaniyom, aka kuma ƙanƙantar da taransistocinsa, sai ya kai saurin zangon Ku. Kamfanoni irin su NXP na Holan da wasu a China da Taiwan suka fito da ƙwaya ɗaya da ta haɗa mai gauraya igiya, mai samar da igiyar ciki da mai ƙarfafa sigina ta ƙarshe. LNB ta yau galibi tana da taransistocin HEMT biyu ko uku a gaba don tsabtar sigina, sai ƙwayar silikon guda a bayansu tana yin sauran aikin.

Hanyar samar da igiyar ciki ma ta sauya. Tsohuwar LNB tana dogara ne da wani ɗan dunƙulen tangaran da ake daidaita shi da kusa, kuma zafi da sanyi suna gusar da shi daga inda aka saita. Sabuwar, wadda ake rubuta PLL a kwalinta, tana ɗaure da ɗan dutsen kiristal mai megahaz 25 a yawancin ƙira. Idan aka ninka 25 sau 390 za a samu 9,750, idan aka ninka sau 424 za a samu 10,600. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 da rana, sanyin hunturu kuma ya sauko ƙwarai da asuba, wannan tsayuwa wuri guda tana hana ɓacewar ƙananan tashoshi.

Me ya sa cin wuta ya zama abin lura?

Ƙwayoyin da ke cikin LNB ba sa buƙatar fiye da bolt 5. A ƙira mafi yawa, ragowar bolt 13 ko 18 da dikoda ta aiko zafi kawai yake zama. Saboda haka duk ɗan abin da aka rage daga cin ƙwayar, ana samun ninkinsa a wajen batir.

Misali zai fayyace. LNB mai jan miliamfiya 200 a kan bolt 18 tana cin wat 3.6, wato kimanin wat-awa 86 idan ta kwana ta wuni a kunne. Wadda ke jan miliamfiya 60 tana cin wat ɗaya da ɗan kai, kimanin wat-awa 26 a kwana. Bambancin wat-awa 60 ya isa ya kunna ƙwan fitila mai wat 5 na awa 12. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma idan na dalma ne rabinsa kawai ake so a sha don kada ya mutu da wuri. Ke nan wancan bambanci kashi ɗaya ne cikin goma na abin da gidan yake da shi. Wasu dikododi kuma suna ci gaba da aika wa LNB wuta ko an kashe su da rimot, sai an zare su daga soket.

A birnin da wuta ke tsayawa wannan ba abin magana ba ne. A Najeriya kuwa, inda wutar da ake rarrabawa take yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 ba su da wutar layi, lissafin daban ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da janareta don kallon labarai ko wasan ƙwallo ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi tsada, jama'a da dama suka koma ga ƙananan na'urorin sola masu talabijin da dikoda a haɗe. A irin wannan gida kowane wat yana da mazauni: fitila, fanka, cajin waya, sannan kallo. Ga mai gidan kallo a kasuwar ƙauye, batirin da ya mutu ana tsaka da wasa asarar kuɗin shiga ce da kuma ta amincewar masu zuwa.

Akwai fa'ida ta biyu. Na'urar da ba ta cin wuta da yawa ba ta ɗaukar zafi da yawa, hayaniyarta tana raguwa, kuma tana daɗewa a ƙarƙashin rana.

Najeriya da talabijin na tauraro

DStv ya fara aiki a 1995, StarTimes ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, kuma a shekarar ce aka buɗe Africa Magic Hausa. A 2014 Arewa24 ta fara watsa shirye-shiryen Hausa kyauta ta tauraro, ga kuma tashoshin wa'azi da na Larabawa da jama'ar Arewa suka daɗe suna kamawa a Nilesat da Arabsat. Najeriya ta harba NigComSat-1 daga Xichang a China a Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukan solarsa, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a ranar 19 ga Disamba, 2011.

Komawa daga tsohon tsarin talabijin zuwa na dijital, wanda yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sanya wa wa'adin 17 ga Yuni, 2015, ya fara ne a Jos a Afrilun 2016, ya iso Kano a 2021. Hasumiyar watsa shiri ta ƙasa tana da iyakar nisan da take kaiwa, don haka ƙauyukan da ke nesa da birni tauraro ne hanyarsu mafi tabbas. A taron China da Afirka na Johannesburg a Disamban 2015 aka sanar da shirin kai talabijin na tauraro ƙauyuka 10,000 a nahiyar, Najeriya ta samu 1,000, kuma kayan da aka kai wuraren kallo na jama'a sun haɗa da sola. Wannan ya nuna cewa a karkara batun tasha da batun wuta ba sa rabuwa.

Abubuwan da ke hana hoto

Ruwan sama ne babban abokin hamayyar zangon Ku. Ɗigon ruwa mai kauri yana shanye igiyar ya warwatsa ta, shi ya sa hoto ke ɗaukewa idan hadarin Agusta ya sauko. Zangon C, mai tsawon igiya kimanin santimita bakwai da rabi, ya fi jurewa. Faranti mafi girma da saiti mai kyau suna rage lokacin ɗaukewar. Ƙurar hunturu ba ta cika tare sigina ba, amma rana da ƙura suna busar da murfin robar da ke bakin LNB har ya tsage, ruwan damina ya shiga ya lalata ta. Sau biyu a shekara, wajajen Maris da ƙarshen Satumba, rana takan daidaita a bayan tauraro na 'yan mintoci a kwanaki kaɗan, hayaniyarta ta danne sigina. Wannan ba lalacewa ba ce, da kansa yake wucewa.

Sabuwar matsala ta shafi masu manyan farantan zangon C. A Disamban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 don fasahar 5G, MTN da Mafab suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Wannan zango yana cikin abin da tsohuwar LNB ta C take saurare, kuma siginar turken waya da ke kusa ta fi ta tauraro ƙarfi nesa ba kusa ba, har tana iya toshe mata kunne. Maganinsa shi ne LNB mai matata da ke sauraren sashen sama na zangon kawai. Zangon Ku bai shiga wannan rikici ba.

Shawara ga mai saye

Kwalayen da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano da shagunan garuruwa suna yawan ɗauke da alƙawarin hayaniya 0.1 dB. Masana suna ɗaukar wannan a matsayin talla, domin LNB ta gida mai kyau takan tsaya ne tsakanin 0.5 da 1 idan aka auna ta a dukkan zangon. Abin da ya fi amfani shi ne a duba ko PLL ce, a duba yawan miliamfiyar da aka rubuta tana ja, a kuma gwada ta a kan tasha mai rauni a kalli ma'aunin inganci a dikoda, ba ma'aunin ƙarfi kaɗai ba. LNB mai baki biyu ko huɗu ta fi mai baki ɗaya cin wuta, don haka gidan da ke da dikoda ɗaya ba ya buƙatarta. Arha ba ta ado a wajen waya: kebur mai ƙarancin tagulla yana zubar da wuta da sigina gaba ɗaya. A naɗe mahaɗar da ke waje da tef mai hana ruwa, a kashe dikoda kafin a kwance ko a ɗaura waya, a kuma zare ta idan ana tsawa. LNB da ta mutu a kai wa masu sayen tsofaffin kayan lantarki, kada a ƙona ta a bola.

Inda ake ƙerawa

Babu masana'antar da ke buga irin waɗannan ƙwayoyi a Najeriya. Kusan duk LNB da ke kasuwa daga gabashin Asiya take zuwa, don haka farashinta yana bin canjin dala. Ma'adinin galiyom ana samunsa ne a matsayin rarar tace alminiyom, China ce ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na sabon galiyom a duniya, kuma tun 1 ga Agusta, 2023 ta sanya sharaɗin neman izini kafin a fitar da shi da jamaniyom. Gina masana'antar ƙwayoyi yana cin biliyoyin daloli, amma zana ƙwaya aiki ne na kwamfuta da ilimi, kuma kamfanoni da yawa a duniya zane kawai suke yi su aika a buga musu. Wannan ƙofa a buɗe take ga sassan injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya.

Tarihin baka ya san Gaya da ƙira. A nan aka ce maƙera suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya tafi da ita Daura, kuma daga nan aka ce maƙerin da ake kira Kano ya tafi Dutsen Dala neman tama. Matasan da ke hawa katanga da ma'aunin sigina a Balan da Ajingi a yau su ne masu riƙe da sana'ar haɗawa da gyarawa, kuma gwargwadon fahimtarsu ga abin da ke cikin LNB, gwargwadon yadda za su rage wa jama'arsu asarar kuɗi da ta wuta.